Babur Mai Gajeren Numfashi

Wani dattijo na tsugune a garejin maƙwabcina makanike, riga fes, ko kusa bai yi kama da mahayin babur ba. An haɗa wa babur ɗin da ya kawo inji, sabon fistan, sabon ringi, amma ya ƙi tashi. Makanike ya cire fulogi, ya toshe ramin da yatsa, ya buga kik.

"Iskar ba ƙarfi, Baba. Bawul ke sakinta."

Na ce, "Baba, zance za a koma ne?"

Bai yi dariya ba. Shafa lotsattsen tankin yake kamar goshin mai zazzaɓi.

"Na ɗana ne, marigayi. Kullum da yamma uwarsa na kasa kunne. So nake ta ji ƙararsa sau ɗaya."

Makanike ya sake bugawa. Iska ta sulale siririya, kamar ajiyar zuciya.