Doina da Ranakun da Ba a Aure

Shekara goma sha huɗu Doina Vlăsceanu ta yi tana kula da shafin intanet na wani zauren biki a birnin Iași na ƙasar Romaniya, inda ango da amarya ke zaɓen rana. A cikin shafin akwai jerin ranakun azumi, waɗanda coci ba ta ɗaura aure a cikinsu. Ka zaɓi ɗaya, shafin ya ƙi ka, ko kai ɗan wane ne. Da yake Ista ba ta da tsayayyen wata, kowace Janairu Doina kan je wurin Fada da biro, su bi kalanda rana-rana, ta dawo ta shigar da hannunta.

Sai ɗan mai zauren, Sorin, ya dawo daga karatu a waje da kai a sama.

"Tanti Doina, wannan ai wahalar banza ce. Ga kalanda na sauko da ita daga intanet, ita ke lissafa komai da kanta."

"Ta wace coci, ɗan nan?"

"Ista ai Ista ce."

"Inji wa? Ta Katolika daban, tamu ta Otodoks daban. Bana mako biyar ne tsakani."

Dariya ya yi, ya karɓe shafin daga hannunta, ya mayar da ita teburin amsa waya. Abin ya ci mata rai matuƙa, amma ba ta yi zuciya ta tafi ba. Ta san shafin yanzu yana buɗe wa mutane ranakun Asabar da ke tsakiyar azumi, kuma babu Fadan da zai ɗaura musu aure a cikinsu.

Kullum da safe sai ta buga sunayen waɗanda suka kama rana, ta ɗora kan kalandarta, ta bi masu matsala da waya. Cikin wata guda ta kira mutum tara. Ta tarar Sorin a bakin ƙofa lokacin da take kiran ta goma, wata Ilinca, sai ta buɗe muryar wayar don ya ji, ta faɗa mata ranar da ta kama ta faɗo cikin azumi.

Yarinyar ta fashe da kuka. "Tanti, mun raba kati. Babana ya sayi tikiti daga Italiya, hutunsa ke nan na shekara."

Sorin ya kasa haɗa ido da kowa.

"Share hawayenki, 'yata," inji Doina, tana jawo kalanda. "Ba ni lambar baban naki."