Albasa cikin aji uku

Jama'a, yau na buɗe aji na iske albasa har bakin taga!

Kun san ni ke kula da gini da kayan makarantarmu. Gobe yara za su dawo daga hutu, sai nic ce bari in zagaya da safe. Ina isa aji uku wari yad doke ni. Na tura ƙofa. Innalillahi! Albasa ce tuli guda, rabi ta ruɓe, ruwanta na bin siminti. Bencinan da munka gyara kuwa an watsar da su bayan aji, rana ta tsattsage su.

Na kira maigadi, nic ce, "Baba, mi ke nan?"

Yac ce, "Ta maƙwabcinmu ce, Alhaji Sani. Rumbunshi ya cika, na ga ɗakin ba kowa, sai nib ba shi makulli."

Makullin makaranta fa!

Anka kira Alhajin. Na zaci haƙuri zai ba ni. Ya leƙa, ya toshe hanci, yac ce, "Wa yar rufe tagogin nan?"

Baba ya nuna ni. "Malama ce tac ce in an yi hutu a rufe ko'ina."

Alhaji ya juyo kaina da faɗa. "Ba ki san albasa iska taka so ba? Kin ruɓar man da noman shekara!"

Wai ni! Yanzu haka ya hau babur ya tafi kai ƙarata wurin maigari. Ni kuma ga ni tsaye da shebur cikin ruɓaɓɓiyar albasarshi, yara na tafe gobe.