Baƙon da Bai Iya Gaisuwa Ba

Shekarun baya, bayan na gama sakandare, ni da mahaifina mun yi wata yarjejeniya a tsakar gidanmu na unguwar Nima a Accra. Shi aikin nas yake so in karanta, har ya sa an karɓo mini takardar cikewa. Ni kuwa na kafe sai karatun haɗa gem, irin wasannin nan da ake yi a waya da kwamfuta. Mutum ne da ya yi rayuwarsa duka yana sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, don haka jin kalmar wasa kaɗai ya ishe shi ƙin abin. Sai da kakata, wato mahaifiyarsa, ta sa baki sannan ya sauko. Ya ba ni shekara ɗaya. A ƙarshenta zan nuna masa abin da na yi da hannuna, in bai ga hankali a ciki ba, in cike takardar nan ba musu. Ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin rediyonsa, inda kullum sai idona ya faɗa kanta.

Son gem ya kama ni tun ina ƙarama. Akwai wani shago a layinmu inda maza ke taruwa suna buga gem ɗin ƙwallo a talabijin, ni kuma sai dai in tsaya a bakin ƙofa ina leƙe, domin ba wurin mace ba ne. To ranar da na zauna a aji malaminmu yana ba mu tarihin abin, ji na yi kamar an buɗe mini ƙofar nan. Ya nuna mana yadda aka fara da ɗigo ɗaya yana kai da kawo tsakanin sanduna biyu, sannan aka zo zamanin manyan akwatuna da ake jefa wa kwabo a yi wasa. Ya koya mana yadda ake gina labari, yadda ake sa mai wasa ya damu da wanda yake juyawa. Akwai kuma dokar da yake maimaitawa kullum, wai kada a bar mai wasa yana jira, ko na ƙiftawar ido. Na haddace ta, har na koma ina kallon duk wanda bai san ta ba a matsayin ɗan ƙauye.

Aikin ƙarshen shekara, kowa zai haɗa ƙaramin gem nasa. Na ɗauko nawa daga labarin da kakata ta sha ba mu, na yadda mijinta ya sauka a Accra daga arewa da jaka ɗaya, yana neman gidan wani ɗan garinsu. Mai wasa shi ne baƙon. Zai ratsa lungunan Nima, ya bi ta wurin mai waakye, wato shinkafa da wake, ya haye babbar kwata, har ya kai gidan. Na zana lungunan da kyau, wannan kam ba yabon kai ba. Na sa kibiya ja a sama tana nuna hanya, kuma duk mutumin da baƙon ya tarar, da ka taɓa shi zai faɗi inda za ka bi, ka wuce. Abokina na aji ya gwada, ya gama cikin ɗan lokaci, ya ce da irin maganar 'yan Accra, "Chale, gem ɗin ya yi kyau kwraa," wato aboki, ya yi kyau ƙwarai. Kaina ya ƙara girma.

Saura mako uku a miƙa aiki, zumuɗi ya hana ni haƙuri. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na miƙa wa mahaifina wayar. Ya sa tabarau, ya riƙe ta nesa da fuska, na nuna masa inda zai danna. Baƙon ya taka zuwa ƙofar farko, inda na zana wata tsohuwa zaune a kan benci. Ya taɓa ta, rubutu ya fito: bi dama. Sai na ga yatsansa ya tsaya.

Na ce ya ci gaba mana. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan yaron naki, ɗan gidan wa ne? Ya sami tsohuwa zaune, ko sallama babu, kuma ta nuna masa hanya?"

Na fara yi masa bayanin dokar malam, da turancina da komai. Ya bari na gama. Sannan ya ce shi a Nima aka haife shi, bai taɓa ganin wanda ya sami gida da kibiya ba. Lungunanmu ba su da suna, ba su da lamba. Gaisuwa ce ke kai mutum gida. In ka yi wa mutane tsaye kana tambaya a gaggauce, za su nuna maka gaba da haɓa, ka yi ta zagaye har la'asar. Ya ajiye wayar kusa da rediyo, daidai kan takardar nas, ya tashi ya shiga ɗaki.

Na ji haushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina kumbure-kumbure ina cewa tsoho bai san gem ba. A rana ta uku aka aike ni unguwar Maamobi kai saƙo gidan da ban sani ba, sai na kama kaina na durƙusa gaban wata mai koko ina tambayar gajiya da gida da yara da kasuwa, kafin in kai ga abin da ya kawo ni. Ta tambayi 'yar wa ce ni, na faɗa, ta ce ai ta san kakata, ta bar tukunyarta ta raka ni har ƙofa. A hanyar dawowa kunya ta rufe ni. Na tuna kuma abin da malam ya faɗa da bakinsa, cewa akwatunan nan na da an gina su da sauri ne don mai wasa ya faɗi da wuri ya sake jefa kwabo. Ashe gaggawar masu akwati na ɗauko na ɗora wa unguwarmu.

Na cire kibiyar. Na mayar da gaisuwa ita ce wasan. In ka gaida mutum cikakkiyar gaisuwa, ka jira amsarsa, ka faɗi daga inda ka fito, zai kwatanta maka hanya dalla-dalla, wani ma ya taka maka. In ka katse shi, sai ya ce can gaba, ka je ka ɓace a bakin kwata. Na ga rubutu ba zai ɗauki wannan ba, sai na bi mutanen gida da waya ina ɗaukar muryoyinsu. Tsohuwar ƙofar farko na ba kakata. Na rubuta mata abin da za ta faɗa, ta ture takardar ta ce ba a koya mata gaisuwa. Na yi sallama, ta amsa yadda ta saba, ta tambayi hanya da mutanen gida, sannan ta ƙara da abin da take ce wa mahaifina kullum in ya dawo kasuwa: "Sannu da zuwa, ɗana. Ka ci abinci?" Na so in yanke wannan, don bai da aiki a wasan. Mantuwa ce ta sa na bar shi.

Malam bai yi murna sosai ba. Ya ce gem ɗin ba shi da sauri, ya ba ni maki na tsaka-tsaki, ko da yake ya daɗe yana wasa da shi fiye da na kowa. Wata 'yar ajinmu da ba ta jin Hausa ta ce haka ake yi a garin kakanninta. Amma ni ba hukuncinsu nake jira ba.

Na sake miƙa wa mahaifina wayar. Baƙon ya isa ƙofar farko ya yi sallama, muryar kakata ta amsa. Mahaifina ya gyara zama. Ya bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, da ta tambaye shi ko ya ci abinci sai ya yi dariya ya waiwaya inda take zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Bai ce na yi daidai ba, ba halinsa ba ne. Washegari dai na duba ƙarƙashin rediyo, babu takarda, kuma bai sake ta da maganar ba.

Yanzu aikin da nake ci da shi ke nan, kuma na haɗa abubuwan da suka fi wancan kyau nesa ba kusa ba. In na buɗe shi yau zanen ma dariya yake ba ni. Amma a kansa na gane cewa na tafi makaranta neman yadda ake ba da labari, na dawo na raina wanda nake zaune a cikinsa. Dokar malam ba ƙarya ba ce, har gobe ina aiki da ita. Sai dai kafin in yanke wani abu don sauri, nakan tsaya in tambayi kaina ko shi ne abin da mutanen wurin suka fi riƙewa.

Kakata ta rasu bayan wannan da 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a gem ɗin nan. Tsohuwar wayar tana nan, fuskarta a tsage, ina yi mata caji saboda mutum ɗaya. Wasu Juma'o'in in ya dawo masallaci yakan ce in ba shi abin nan nawa. Ya sa tabarau, ya taka da baƙon zuwa ƙofar farko, ya yi sallama. Har yau bai taɓa kai shi gidan da yake nema ba, ban ma jin ya san akwai sauran lunguna. In ta tambaye shi ko ya ci abinci, sai ya amsa a hankali, "Na ci, Mma." Sannan ya miƙo mini wayar.