Mai Jera Duwatsu a Kwarin Kurmin Mashi

Wata Talata ce cikin watan Agusta, ina 'yar shekara tara, aka kwana ana ruwa har kwarin da ke bayan gidanmu a Kurmin Mashi ya cika. Lokacin unguwar duk gonakin dawa ce da gidajen laka, makaranta kuwa tana tsallaken kwarin. Aikina ne kullum da damina, in na gama shara da wanke tukwanen tuwo, in je in jera duwatsu cikin ruwan don ƙannena biyu da Rifkatu 'yar maƙwabtanmu su taka su wuce, kafin a tashe su kuma in koma in gyara abin da ruwa ya ture. Ni ba a sa ni makaranta ba, an ce Inna tana buƙatar mai taya ta aiki. Ƙa'ida ɗaya ta kafa mini: "Dutsen da ba ki taka da dunduniyarki ba, kada ki ɗora ɗan mutum a kai." Don haka kowanne sai na hau, na girgiza, na cusa masa tsakuwa a gindi.

Ran nan da na aza dutsen ƙarshe sai na ga ƙafata a tsallake, ban kuwa juyo ba. Na bi su nesa-nesa, na laɓe gindin taga ina jin suna rera ƙidaya, ina bi da leɓe. Ban san rana ta yi ba. Da aka tashi muka iso kwari, ruwa ya kwashe duwatsu uku na tsakiya. Sani, ƙaraminmu, ya yi tsalle ya faɗa, ruwa ya ja shi, da ƙyar Rifkatu ta cafko wuyan rigarsa. Littafinsa ya tafi. Inna ba ta dake ni ba. Dubana kawai ta yi, ta ce ashe hanyar ba ta da mai ita. Tun daga ranar ban ƙara wuce dutsen ƙarshe ba.

Yanzu gidan ni kaɗai ce. Jikata Ummi, da za ta koma karatu Zariya, ta bar mini tsohuwar wayarta da wani wasa a ciki. Wasu 'yan mitsi-mitsin mutane ne ke tafiya ba sa duban gabansu, kai kuma ka shimfiɗa musu katako, ka kafa tsani a kan rami da wuta har su kai ƙofa. Rubutun ba na iya karantawa, amma aikin na san shi. Ta yi ta dariya da ta ga ina danna kowane katako sau uku da babban yatsa kafin in sake su.

"Kaka, ba ya motsi fa. Ko sun faɗa, sai ki sake daga farko."

Na ce ta rufe mini baki, a hannuna ba mai faɗawa.

Kwarin nan an yi masa kwalbati tuni, yara na wucewa a keke mai ƙafa uku ba su san akwai ruwa a ƙasa ba. Sani ya yi ritaya daga ofishinsu a Doka, da na tuna masa faɗawarsa ruwan nan ya ce shi bai tuna ba. Ni kuwa bayan la'asar nakan zauna a tabarma in tsallakar da 'yan mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga su da ƙidayar da na tsinto a gindin taga. Su shige, ƙofa ta rufe, katako ya rage ba kowa. Har yau a wannan gefen nake tsayawa.