Tsohon da ke ƙarshen fim

Cikin duk yawon da na yi a sashen wayar da kai na ƙaramar hukuma, ranar da na kai majigi wani ƙauye a yankin Makoda ce ta ƙi fita raina. Ku da kuka zo aiki kwanan nan, ga yadda muke yi idan zaɓe ya gabato: mu ɗauki janareta da na'ura, mu fara gaida dagaci, mu toshe tagogin ajin firamare da tabarmi bayan la'asar, mu haska fim, sannan mu ja kunnen jama'a kan sayar da ƙuri'a.

Fim ɗin tsoho ne, na barkwanci, kan wani ɗan takara da ya yi alkawarin jawo teku har ƙofar gidan kowa. A ƙarshensa jama'a sun biyo shi da gudu, ya faɗa gonar gero, sai wani tsoho ya ɓullo da fartanya yana ta faɗa yana korar kowa. Duk inda muka nuna, nan ake faɗuwa don dariya. Ni kuwa na daɗe ina mamakin tsohon nan, don ban taɓa ganinsa a wani fim ba, kuma fushinsa ya fi ƙarfin wasa.

A wannan ƙauyen ko mutum ɗaya bai dara ba. Ajin ya yi tsit, har na fara duba wayoyina.

Dagaci ya ce, "Malam, mayar da shi baya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko an yi wani laifi ne?"

Ya ce, "Wannan Malam Audu ne, Allah ya jiƙansa. Ba wasa yake ba. 'Yan fim ne suka tattake masa gero ba sallama, ya raka su har bakin titi."

Ashe 'ya'yan marigayin biyu suna ajin, Sale da ƙanensa Isa, kowa a kusurwarsa. Sun daɗe ba sa ga maciji. Layin gamban da uban ya shuka don raba musu gonar ya mutu tuni, kowa na cewa ɗorawar da ke tsakiya da kunyoyin da ke gindinta nasa ne. Magana har ta doshi kotu.

Na mayar, dagaci ya ce in tsayar. Ga gamba kore shar, ga ɗorawa, ga tsohon baki buɗe.

Ya ce, "Sale, ka gani?"

Sale ya goge ido da bakin riga. "Ranka ya daɗe, ban kalli gamba ba. Baba nake kallo, don bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba."

Isa ya miƙe. "Ni na kalla. Ɗorawar tana ɓangaren Yaya. Na janye." Sai ya juyo gare ni: "Malam, don Allah sake shi ya yi magana, mu ji faɗansa."

Na yi ta maimaita wurin nan har mai ya ƙare a janareta. Jawabin ƙuri'a ko bismillarsa ban yi ba, kuma wallahi ni ma sai da na share hawaye.

Washegari ogana ya tambaya ko saƙo ya isa. Na ce ya isa, sai dai ba namu ba.

Abin da na koya shi ne, mu mun san abin da muka loda a mota, amma mutanen gari su suka san abin da muka kawo musu. In kun ga aji ya yi tsit inda ake dariya, kada ku yi saurin kashe na'ura. Ku tambaya.