Wanda Zai Taka Ya Je Ya Faɗa

A gidanmu na Soron Ɗinki ba a faɗin mutuwa a tsaye. Idan rai ya yi halinsa, dattijo ake samu ya taka ya je wurin wanda abin ya fi shafa. Zai zauna a gaisa, ya tambayi yara, sannan ya ce jikin wane fa ya matsa. Sai ya ga mutum ya fara salati da kansa kafin ya ce sai haƙuri. Da haka na tashi, ban taɓa zaton abu ne da zai iya ɓacewa ba.

Ƙanina, autanmu, tela ne, kuma ba shi da mugun hali ko kaɗan. Waya ce kawai ta cinye shi. Tuwo ya huce a gabansa, masu ɗinki su yi ta sintiri, shi yana sunkuye yana shafa gilashi. Na sha ce masa da za a tsaga jijiyarsa, data za a tarar maimakon jini. Babban ciwonsa shi ne ya riga kowa. Gobara ce, haihuwa ce, faɗan unguwa ne, in dai wani ya riga shi sawa a shafi, ranar ba ya jin daɗin abinci.

Shi ne a gefen Baba a asibiti lokacin da ya cika. Kafin baffanmu, ƙanin Baba, ya sa hula ya nufo gida, hoton Baba ya zaga gari da innalillahi a ƙasansa. Ina tsakar gida tare da Umma, tana dama kunun da za a kai asibitin, sai ga maƙwabciyarmu ta faɗo ko sallama babu.

"Hajiya, ya haƙuri? Ashe Malam lokaci ya yi."

Umma ta ɗago da ludayi a hannu ta ce, "Haƙurin me?"

Har yau idan na ji ƙamshin kunun tsamiya sai zuciyata ta yi nauyi. Matar da ta yi zaman aure tun ba a haife ni ba, a bakin maƙwabciya ta ji ta zama mai takaba, kunu yana zuba a kan ƙafarta.

Ban yi wa ƙanina magana ba har aka share makoki. Ni dama ba a san ni da sanyi ba. Da na tsare shi a soro na zazzage masa abin da ke cikina, bai musa ba. Ya ce, "Yaya, wallahi ban san sanda na yi ba. Hannuna ne ya riga ni." A lokacin na ɗauka rainin hankali ne. Daga baya na gane gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

Ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Ya goge shafukan, ya sake sauko da su, ya sake gogewa. Ƙarshe ya kai wa Umma wayar, ta jefa ta cikin kwalla ta ɗora wasu kwanuka a kai, ya sayi ƙaramar waya 'yar rakani-kashi. Amma sai ya riƙa zuwa gidana a Ƙofar Na'isa, wai in ara masa tawa ya duba wani samfurin ɗinki. In gama girki, in yi salla, in leƙo in same shi yadda na bar shi, ko ruwan da na ajiye bai taɓa ba. In na karɓe sai ya yi dariyar kunya, ni kuma in rasa tsawa zan yi ko kuka.

Umma da kanta ta mayar masa da wayarsa bayan ta fita takaba, don masu ɗinki ta nan suke turo aiki. Ta ce, "Ungo, abincinka a ciki yake. Abu ɗaya na roƙe ka. Ranar da tawa ta zo, kada Innarku ta ji a waya. Ka taka ka je." Inna yayarta ce da ta goye ta, tana zaune a Ƙofar Mazugal, ga tsufa ga hawan jini.

Ranar ta zo da hantsi, a ɗakin Umma, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina rufe mata ido ƙanina ya miƙo mini wayarsa. Baffa ya ce shi zai je Mazugal, ƙanina ya ce a'a, shi Umma ta bar wa. Ko babur bai tsaya nema ba, ya bi ta lunguna da sauri.

Ya tarar da Inna a kan tabarma, jikokinta sun kewaye ta, waya a hannunta. Wani ɗan dangi ne ya sa labarin rasuwar, kuma daga shafin ƙanina ya ɗauko hoton, wanda ya ɗauki Umma da wata Salla tana kare fuska da mayafi tana cewa ba ta so.

Inna ta kife wayar a kan tabarma. Ta ce, "Zauna, ɗan nan. Na san ita ta aiko ka. Faɗa mini yadda ake faɗa."

Ya zauna. Ya gaishe ta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa. Ya ce, "Inna, jikin Umma fa ya matsa." Ita ce ta ƙarasa masa, ta ce, "Sai haƙuri."

Bayan sadakar uku ya ba ni wannan labari, ranar da ya zo karɓar wayarsa. Na ɗauko na ba shi. Yana faɗa yana kuka, hawaye na ɗiga a kan gilashin, babban yatsansa kuma ya riga ya fara shafawa.