Wuni Ɗaya Daga Kano Zuwa Hartum

Mijina ya tafi Makka da ƙafa a zamanin Turawa, ya bar ni ni kaɗai a gidanmu na Tudun Wada, ba ɗa ba jika. Kamar yadda masu tafiyar ƙafa ke yi, ya tara shaidu a zaure ya sa mini wa'adi: in shekara bakwai ta cika bai dawo ba, na saku. Ya ce uku zuwa, uku dawowa, ɗaya ta neman guzuri a hanya. Na yarda mana. Ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba, me na sani?

Shekara shida ina ɗinkin hula ina ci da kaina. Kaɗaici ya ci ni, wallahi, har da akuya nake hira. Amma nisan nan shi ke rarrashina. In ƙanwata ta zo daga Gyallesu tana mitar ko saƙon baki bai aiko ba, sai in hau ta da faɗa. Mutum yana bayan duniya, wa zai ba saƙon? Shamuwa?

Ana nan sai maƙwabcinmu, wani tela mai shegen surutu, ya ce zai tafi hajji a jirgin sama daga Kano. Na yi dariya har da hawaye. Na ja matarsa gefe na koya mata yadda ake zaman shekaru, wai ni gwana. Hula biyu kawai na ɗinka, sai ga mutum ya dawo ana ta Alhaji, Alhaji.

Na shiga yi masa barka, na tambaye shi kwana nawa suka yi a sama. Ya ce kwana kuma? Sun tashi Kano bayan asuba, kafin magariba suna Hartum ta ƙasar Sudan, washegari sai Jidda. Daga nan ya shiga kame-kame. Sai da matarsa ta zungure shi sannan ya ce ya ga mijina a filin jirgin Hartum. Dako yake yi, shekara huɗu ke nan, yana loda kayan fasinja har a jiragen da ke zuwa Kano. Lafiyarsa lau, har ya yi ƙiba.

"Ya tambaye ni?"

"Ya ce a gai da mutanen gida."

Na yi godiya, na koma gida na zauna a bakin murhu ban hura wuta ba. Ashe wuni ɗaya ne tsakaninmu. Kayan kowa ya ɗora, ban da takarda guda tawa. Haushi ya kama ni, sannan kunya, don na tuna irin faɗan da na yi wa ƙanwata a kansa.

Saura wata tara wa'adin ya cika. Na zauna na cika su, ba wanda ya tilasta ni. Sun fi shekara shidan nan tsawo.